Yadda Ake Tono Labari a Intanet daga Maruwa zuwa Garwa

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a kafafen sada zumunta na Kamaru kamar wutar daji, kuma ba shi da daɗin kallo. Wasu mutane ne cikin kakin soja suka tasa ƙeyar mata biyu a kan wata hanyar ƙasa, ɗaya da goyo a bayanta, ɗaya tana riƙe da hannun ƙaramar yarinya, suna ce musu 'yan Boko Haram. Suka tsugunar da su a gefen hanya, suka harbe su duka huɗun. Nan take gardama ta kaure. Wasu suka ce a Mali aka ɗauka. Ministan sadarwa na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, wanda ɗan Garwa ne, ya fito ya ce labarin ƙanzon kurege ne, an shirya shi don a shafa wa sojojin ƙasar kashin kaji.

Bayan wata biyu, a Satumba, sashen bincike na BBC mai suna Africa Eye ya fito da amsa, tare da taimakon ƙungiyar Amnesty International da masu bin diddigi na Bellingcat da wasu 'yan sa-kai. Akasarin aikin a gaban kwamfuta aka yi shi. A farkon bidiyon ana hango jerin duwatsu daga nesa. Masu binciken suka zana yadda kan duwatsun ke hawa da sauka, suka shiga Google Earth suna gwadawa da tsaunukan yankin, har wani ɗan ƙasar ya tsegunta musu inda za su duba. Zanen ya hau daidai kan duwatsun da ke wajen ƙauyen Zelevet, a Mayo-Tsanaga ta jihar Arewa Mai Nisa, dab da iyakar Najeriya. Hanyar ta dace, gine-ginen sun dace, har bishiyoyin.

Sai batun lokaci, kuma a nan ne suka nuna gwaninta. Akwai wata katanga a bidiyon wadda hoton tauraron ɗan'adam na Nuwamban 2014 ya nuna ba a gina ta ba tukuna. Akwai wani gini kuma da hoton Fabrairun 2016 ya nuna an riga an rushe shi. Ke nan tsakanin waɗannan lokuta biyu abin ya faru. Wata 'yar hanyar ƙafa da ba ta fitowa sai da rani ta ƙara matse lissafin zuwa farkon 2015. Daga ƙarshe suka auna tsawon inuwar sojojin a ƙasa da inda ta fuskanta, suka gwada da inda rana take a sararin Zelevet a kowace ranar shekara, amsa ta fito: tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. Tun a Agustan 2018 gwamnati ta riga ta sauya baki ta sanar da kama sojoji bakwai. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu.

Yawancin kayan da aka yi wannan aiki da su kyauta ne. Google Earth na ajiye tsofaffin hotunan wuri shekara bayan shekara, kuma akwai shafi mai suna SunCalc da ke nuna inda rana take a kowane gari a kowace sa'a. Duk mai wayar zamani da ɗan data a Domayo ko Founangue ta Maruwa, ko a Yelwa da Haoussare ta Garwa, zai iya buɗe su. Sai dai buƙatar yawancin mutane ba ta kai nan ba. Ɗalibi na neman ranar rufe rajistar jarrabawa, mai albasa na son sanin canjin sefa da naira, manomin fadama na son jin ko da gaske za a saki ruwan madatsar Lagdo. Su ma sukan buga tambaya a Google, abin da ya fito bai yi musu amfani ba, sai su koma kan abin da aka turo a WhatsApp.

Tushen matsalar harshe ne. Mutumin arewacin Kamaru yana cinikinsa da Fulatanci, yana hira da Hausa a unguwa, wajen Kusiri ya ji Larabcin Shuwa, ban da Kanuri da Mafa da Tupuri da Masa da sauransu. Amma takardun ofis, da sanarwar makaranta, da jaridu irin su Cameroon Tribune da L'Œil du Sahel wadda ta fi mayar da hankali kan arewa, galibi da Faransanci ake rubuta su, wasu da Turanci. Injin bincike kuwa kamar yaron aike yake: abin da aka ambata masa shi zai kawo, ba abin da ke zuciyar mai aikensa ba. Ɗan Kano da ya rubuta tambayarsa da Hausa yana iya dacewa da rahoton BBC Hausa ko Aminiya. Ɗan Maruwa da ya yi haka game da garinsu sau da yawa hannu rabbana zai dawo.

A gwada rubuta "Marwa" kawai, kamar yadda Hausawa da yawa ke rubuta sunan garin. Abin da zai cika allon shi ne Janar Buba Marwa, shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, sai Safa da Marwa na Makka, sai mata masu wannan suna. Garin da ke da jami'a tun 2008 sai ya ɓace a tsakaninsu. Magani na farko shi ne a rubuta sunan yadda takardun hukuma ke rubuta shi, Maroua. Na biyu shi ne alamar ɗebewa, irin ta lissafi, a manne ta a gaban kalmar da ba a so ba tare da barin sarari ba. Wanda ya rubuta Marwa Kamaru -Buba -NDLEA -Safa ya kori duk shafin da ke ɗauke da waɗannan kalmomi uku.

Garwa ta fi rikitarwa, don sunanta ya bi hannun masu mulki biyu. Faransawa suka rubuta Garoua, amma Jamusawan da suka riga su Garua suke rubutawa. Mai neman tarihin yaƙin da aka gwabza a garin lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har sojojin Jamus suka miƙa wuya ga na Ingila da Faransa a Yunin 1915, zai fi samun tsofaffin littattafai da hotuna idan ya bi rubutun Jamusawa. Sai dai da ya buga Garua, injin zai kawo masa yayyafin da ake yi a gaɓar tekun Peru da wata tsohuwar waƙar Ajantina, don su ma haka ake rubuta sunansu da Sifaniyanci. A nan alamar ɗebewa za ta sake aiki, ko kuma a haɗa rubutun biyu da kalmar OR da manyan baƙaƙe: Garoua OR Garua 1915. Haka Ngawundare, haka Mora wadda ke da takwara a ƙasar Suwidin.

Idan ana son jimla ta fito yadda take, kalma bayan kalma, sai a sa ta cikin alamar zancen wani. Rubuta "pont de la Bénoué" a cikin alamar ya sa injin ya daina kawo kowace gada da kowane labarin kogin Binuwai, ya tsaya kan gadar Garwa. Wannan dabara tana da daɗi wajen neman asalin saƙon da ake ta turawa: a kwafi layi ɗaya daga cikinsa, a sa a alamar, a ga inda ya fara fitowa da shekarar da ya fito. Masu nema da Hausa ko Fulatanci suna da ƙarin aiki guda. Marubuta da yawa ba sa sa baƙaƙe masu lanƙwasa, wasu kuma suna sa su, don haka "ƙasa" da "kasa" ba lallai su kawo sakamako iri ɗaya ba. Gara a gwada duka biyun. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa a cikinsa, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ.

Wanda Faransancinsa bai nuna ba yana da mafita. Google Translate ya karɓi Hausa tun Disambar 2013, Fulatanci da Kanuri kuma suka shiga a 2024 cikin harsuna 110 da aka ƙara lokaci guda. Fassararsa ba ta isa a sa hannu a yarjejeniya da ita ba, kuma Fulatancinsa ba koyaushe yake kama da na kasuwar Maruwa ba. Amma ta isa a juya tambaya zuwa Faransanci, a nema da ita, sannan a juyo shafin da aka samu zuwa Hausa don a gane inda ya dosa. Manhajar Chrome na yin wannan da kanta idan aka taɓa ɗigo ukun nan na saman allo.

Ribar wannan zagaye tana da yawa, don an yi rubutu mai tarin yawa kan arewacin Kamaru wanda mutanen yankin ba su san da shi ba. A ɗauki masakwa, dawar rani da ake dasawa a ƙasar karal bayan ruwa ya janye. Neman ta da sunanta na Hausa ba zai kawo abin kirki ba. Amma a rubuta muskuwaari, sunan da Fulanin Diamare ke kiranta kuma masana suka ɗauka, a ƙara filetype:pdf a ƙarshe, sai rahotannin cibiyoyin bincike na Faransa irin su IRD da CIRAD su fara zubowa, cikakku, ba guntaye ba. Umarnin filetype yana cewa injin ya kawo irin wannan takarda kaɗai, ya bar shafukan talla. A wannan fage ne mutum zai ci karo da babban kundin taswirar Arewa Mai Nisa da Christian Seignobos da Olivier Iyébi-Mandjek suka fitar a 2000, da ƙamus ɗin Fulatanci na noma da tsirrai na Henry Tourneux da Yaya Daïrou. Mai sha'awar tarihin lamidai kuwa ya nemi sunan Eldridge Mohammadou, masanin da aka haifa a Garwa ya rasu a Maiduguri a 2004, wanda ya kwashe rayuwarsa yana tattara tarihin baka na masarautun Fulani. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004 don rubuce-rubucen ilimi zalla, shi ne wurin da ya dace da irin wannan nema, kuma idan akwai kwafin kyauta yakan nuna shi a gefe. Abin takaici ne ɗalibin Jami'ar Maruwa ko ta Garwa, wadda aka kafa a 2022, ya rubuta kundinsa na kammala karatu daga shafin farko na Google alhali wannan rumbu na buɗe.

Dabarar da ta fi kowace tsare aljihun talaka ita ce umarnin site. Kowace shekara matasa na jiran konkur, wato jarrabawar shiga manyan makarantu da aikin gwamnati, kuma lokacin ne 'yan damfara ke kakarsu. Takarda za ta iso ta WhatsApp da tambarin ƙasa a sama da hatimi a ƙasa, ta ce ana ɗaukar ma'aikata, a tura kuɗin rajista ta Orange Money ko MoMo zuwa wata lamba kafin Juma'a. A ce wani matashi a Pitoare ya samu irin wannan game da makarantar horar da malamai ta Maruwa, wato ENS. Maimakon ya buga sunan makarantar kawai, wanda zai kawo masa shafuka barkatai masu kwafar juna, sai ya rubuta concours ENS Maroua site:minesup.gov.cm. Wannan ya taƙaita neman a cikin shafin ma'aikatar ilimi mai zurfi kaɗai. Idan aikin gwamnati ne, ya sauya zuwa site:minfopra.gov.cm. Idan bai san ma'aikatar da abin ya shafa ba, site:gov.cm zai zagaya duk shafukan da ke ƙarƙashin wannan adireshi, dokokin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu kuwa suna prc.cm. Ba a barin sarari tsakanin ruwa biyun da adireshin. Gaskiya ne shafukan ma'aikatu kan yi jinkirin ɗora sanarwa, wani lokaci ma hoton takarda ake ɗorawa wanda injin ba ya iya karantawa da kyau, don haka rashin ganin sanarwa bai tabbatar da ƙarya ce ba. Amma ya isa ya sa mutum ya riƙe kuɗinsa har ya je ofis ya tambaya da bakinsa.

A nan akwai wata 'yar masifa da ta shafi Kamaru. Adireshin ƙasar a intanet .cm ne, harafi ɗaya ya raba shi da .com da duniya ta saba da shi. Masu wayo sun daɗe suna sayen sunaye masu ƙarewa da .cm don su kama wanda yatsansa ya tsallake harafin, har kamfanin tsaron kwamfuta na McAfee ya bayyana shi a 2009 a matsayin adireshin ƙasa mafi haɗari a duniya. Ganin .cm a ƙarshen suna bai nuna shafin na gwamnati ne ba, bai ma nuna mai shi ya taɓa zuwa Kamaru ba.

Sai lokaci. Google ba koyaushe yake sa shafin da ya fi sabunta a sama ba, kuma babu inda wannan ke ruɗa mutane kamar batun madatsar Lagdo. An kammala ta a 1982 a kan Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa, ita ce ke ba arewacin ƙasar wutar lantarki, kuma idan ta cika dole a buɗe ƙofofinta ruwan ya bi ta Garwa ya gangara Yola da Makurdi da Lakwaja. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Tun daga nan, da zarar Agusta ta kama, sai saƙon "an saki ruwan Lagdo" ya fara yawo, wani na bana, wani na shekarun baya da aka tono. Mai nema da ya rubuta barrage de Lagdo zai iya samun labarin 2012 a sama. A ƙasan akwatin nema akwai maɓallin da wayoyi masu Faransanci ke kira Outils, inda ake zaɓar sa'o'i 24 da suka wuce, ko mako, ko wata. Tun 2019 kuma ana iya rubuta umarnin kai tsaye: Lagdo after:2024-09-01 ba zai kawo abin da ya riga wannan rana ba, before kuma na yin akasin haka.

Taswira ma kayan bincike ce, ko da yake mutane sun fi ɗaukarta abin nuna hanya. Lokacin da ruwa ya ci Maiduguri a Satumban 2024, madatsar Alau ce ta fashe, a kan kogin Ngadda wanda ba ya haɗuwa da Binuwai ko kaɗan. Minti ɗaya a Google Maps ya isa ya nuna wa mutum cewa ruwan Lagdo ba shi da hanyar zuwa can. Ko a 2022 ma, ministan albarkatun ruwa na Najeriya a lokacin, Suleiman Adamu, cewa ya yi ruwan sama ne ya fi yin ɓarnar, ba madatsar Kamaru ba.

Hoto kuwa shi ya fi saurin yaudara, shi ne kuma ya fi sauƙin kamawa. Tun 2008 wani kamfanin Kanada ya buɗe TinEye, inda ake ɗora hoto maimakon rubuta kalma, ya nemo duk inda hoton ya taɓa fitowa, kuma yana iya jera su daga mafi tsufa. Google ya kawo irin wannan a 2011, yanzu aikin ya koma hannun Google Lens, wato 'yar alamar kyamara da ke cikin akwatin nema. Gadar Palar da ke mashigar Maruwa ta hanyar Mora ta karye a damunar 2020. Idan aka turo wa direban da ke jigilar kaya zuwa Kusiri hoton karyayyar gada aka ce jiya ne, kafin ya fasa tafiya ko ya ƙara wa mai kaya kuɗi, sai ya ajiye hoton, ya buɗe Lens, ya ɗora. In hoton ya fito a shafin jarida mai kwanan watan 2020, ko ya zama gada ce ta wata ƙasa dabam, magana ta ƙare. Bidiyo ma haka ake yi masa: a tsayar da shi a inda gini ko allon shago ko lambar mota ta fito sosai, a ɗauki hoton allo, a nema da shi. 'Yan jarida na amfani da wata manhaja mai suna InVID da ke yanka bidiyo zuwa hotuna da kanta, amma sai a kwamfuta.

Wani lokaci ma an riga an yi wa mutum aikin. Africa Check, wadda aka kafa a 2012, da sashen tantance labarai na kamfanin dillancin labaran Faransa mai suna AFP Factuel, da Dubawa ta Najeriya da ke wallafa wasu rahotanninta da Hausa, duk sana'arsu ke nan. Google na da shafi mai suna Fact Check Explorer da ke tara hukuncinsu wuri guda. Shi kansa WhatsApp yana sa kibiya biyu a kan saƙon da aka tura sau da yawa, alamar cewa ba daga wanda ya turo shi saƙon ya samo asali ba.

Akwai kuma shafin da aka goge. Hukuma ta sauya sanarwa, jarida ta janye labari, kamfani ya ɓace da adireshinsa bayan ya karɓi kuɗin jama'a. Wata cibiya a Amurka mai suna Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, tana ɗaukar hoton shafukan intanet tana adanawa, kuma tun 2001 kowa na iya shiga ma'ajiyar ta Wayback Machine a web.archive.org. A liƙa adireshin shafin, kalanda ta fito da ranakun da aka adana shi. Ba kowane shafi take kamawa ba, ƙananan shafukan yanki sukan kuɓuce mata. Amma tana da wurin da mutum zai sa adireshi da kansa ya ce a adana yanzu, abin da ya kamata duk mai shirin biyan kuɗi bisa wata sanarwa ya yi kafin ya biya.

Duk wannan na masu karatun boko ne. Dattijon da ajami ya iya, ko matar da ba ta shiga aji ba, an daɗe da barinsu a baya, don injunan bincike ba su ƙware a ajami ba. A Oktoban 2024 Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda ake iya nema da murya, har da Hausa. Sai a shiga saitin manhajar a zaɓi harshen, a taɓa alamar makirufo, a yi magana. Yana jin Hausar rediyo fiye da wadda ta cakuɗa da Fulatanci da Faransanci, kuma sunayen ƙauyuka kan ba shi wahala. Ko ya ji daidai ma, abin da aka rubuta da Hausa kaɗai zai iya kawowa, shi kuwa game da Kamaru bai taka kara ya karya ba.

Ɗan kasuwa na da nasa gajerun hanyoyi. Rubuta 10000 XAF NGN na ba da canjin sefa zuwa naira nan take. A kula, XAF ce sefar Afirka ta Tsakiya da ake kashewa a Kamaru da Chadi, XOF ta Nijar ce da wasu ƙasashen yamma. Darajarsu ɗaya, yuro guda sefa 655.957, amma takardunsu dabam. Kuma farashin da injin zai nuna na bankuna ne, ba na 'yan canjin Banki ko Mubi ba. Idan takarda mai shafi ɗari ce, kamar jerin sunayen waɗanda suka ci jarrabawa, ba sai an bi layi-layi ba: a ɗigo ukun Chrome akwai wurin nema a cikin shafi, a kwamfuta kuma Ctrl da F. Mai tattalin data zai iya amfani da Google Go ko Opera Mini, waɗanda aka yi don ƙananan wayoyi da raunin sabis. Wanda kuma ke bin batu guda kullum, kamar farashin auduga da kamfanin Sodecoton na Garwa ke sanarwa, zai iya sa kalmar a Google Alerts, duk lokacin da sabon abu ya fito a aiko masa ta imel.

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, matasa da yawa sun koma tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira, shi ma Google ya fara sa taƙaitacciyar amsar na'ura a saman sakamako. Suna da amfani wajen sauƙaƙa doguwar takardar Faransanci, ko nemo kalmar da ta dace a yi nema da ita. Amma a kan yankin da ba a yi rubutu da yawa a kansa ba sun fi shaci-faɗi, kuma ba sa jin kunya: za su ba da sunan lamido da shekarar hawansa da cikakken ƙarfin hali, alhali haɗawa suka yi. Wanda zai kafa hujja da amsarsu ya nemi su nuna shafin da suka ɗauko, ya buɗe shafin ya gani da idonsa. Idan Google ya gaza, ba laifi a gwada Bing ko DuckDuckGo ko Qwant na Faransa, don ba kullum suke jera sakamako iri ɗaya ba.

Akwai iyakar da duk waɗannan injuna ba sa wucewa. Kaso mai yawa na labarin yau da kullum na Maruwa da Garwa da Ngawundare ba ya hawa shafin jarida. Yana cikin zaurukan Facebook, wanda Google ba ya gani sai kaɗan, da zaurukan WhatsApp da ba ya gani sam, galibi ma da saƙon murya. Mai neman sanarwar ɗauke wuta a unguwarsu ko jadawalin motocin Garwa zuwa Ngawundare, inda jirgin ƙasan Yawunde ke tsayawa, gara ya yi nema a cikin akwatin Facebook ɗin kansa, ya tace da sababbin rubuce-rubuce da shekara. WhatsApp ma na da alamar nema a sama, mai iya ware hotuna dabam, takardu dabam, adireshin shafuka dabam, ta yadda rasit ɗin da aka turo wata shida da suka wuce zai fito cikin daƙiƙa. Farashin buhun albasa na yau a kasuwar Maruwa kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan, har yanzu dillali ake bugo wa waya.